Daga Kano Zuwa Daura Ta Ƙasar Kazaure a Motar Shata

Hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Daura tsohuwar hanya ce. Fatake sun bi ta da jakuna da raƙuma zuwa Damagaram da Agadas tun ba a san mota ba a ƙasar nan. Yau kuwa motocin haya suna cinye ta cikin awa biyu ko uku. Fasinja ya shiga a Kano, ya yi gyangyaɗi, ya farka a Daura. In ka tambaye shi abin da ya gani, sai ya ce ƙura da bayan manyan motoci. Alhali kuwa ya ratsa jihohi uku, watau Kano da Jigawa da Katsina, ya kuma wuce ta tsakiyar wata masarauta wadda ta ba shekara 200 baya.

Asarar ta fi yawa ga yaranmu. Da yawa cikinsu an haife su a birni, sun san sunayen garuruwan Turai daga littafi da wayar hannu, amma ba su taɓa ganin rumbu kusa da kusa ba. Domin wannan, da hutun Disamba ya zo, muna da ziyarar 'yan'uwa a Daura, sai muka yi shawara mu ɗauki shatar mota, mu yi tafiyar cikin kwana biyu, muna tsayawa inda muka ga dama. Mu shida ne: iyaye biyu, da yara uku, da kakarsu. Ga yadda tafiyar ta kasance, ko wani mai karatu ya so ya gwada da iyalinsa.

Ciniki a tasha

Shata ita ce mutum ya biya kuɗin mota dukanta, ba a ɗauki wani fasinja ba sai shi da nasa. Muka je tashar Ƙofar Ruwa kwana ɗaya kafin tafiya, muka nemi ofishin ƙungiyar direbobi. Wannan shi ne mataki na fari, gama direban da aka samu ta hannun ƙungiya an san sunansa, an san lambar motarsa, an kuma san inda za a neme shi. Wanda aka tare a bakin titi kuwa, ba wanda ya tsaya masa.

Lissafin shata ba wuya. Ana fara da kuɗin kujerun motar duka, daga Kano zuwa inda za a sauka. Sa'an nan a ƙara kuɗin man da ratse zai ci, da ladan jira, da kwanan direba in tafiyar ta kwana ce. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, mai shi ne babban abin da direba yake dubawa, saboda haka kowane kilomita na ratse yana da kuɗinsa. Muka rubuta sunayen garuruwan da muke so mu gani a takarda, muka karanta masa a gaban shugaban layi.

Direban dattijo ne mai fara'a. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce, "Maigida, Kazaure dai a kan hanya take, ba damuwa. Amma Roni da Gwiwa suna yamma, Ɓaɓura kuwa tana gabas. Wanda ya ce zai haɗa muku su duka a yini ɗaya, dare zai yi muku a daji."

Muka ce, "To, Malam direba, yaya ka gani?"

Ya ce, "Mu kwana a Kazaure. Yau yamma, gobe gabas."

A kan haka muka shirya. Rabin kuɗi a Kano, sauran in mun sauka Daura lafiya. Mai a wuyansa, abincinsa da masaukinsa a wuyanmu. Muka kuma yarda ba tafiya bayan faɗuwar rana, kuma za a tsaya masa a lokatan salla.

Dawanau da Dambatta

Muka tashi da ƙarfe bakwai na safe, hazo ya rufe gari. A Dawanau hanyar Daura take rabuwa da ta Katsina. A nan ne babbar kasuwar hatsi take, wadda tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Ba mu shiga ciki ba, gama mai shiga Dawanau sai ya ba ta yini guda. Muka tsaya a gefe minti goma, yara suka ga manyan motoci ana loda musu gero da dawa da wake da riɗi da zoɓorodo. Wasu buhunan Nijar da Chadi za su, wasu kuwa sai tashar jiragen ruwa ta Ikko, daga can zuwa ƙasashen waje. Kaka ta ce wa yaran su riƙe wannan a ka, gama nan gaba za su ga gonakin da hatsin ya fito.

Daga nan hanya ta miƙe arewa. Kusa da Dambatta akwai madatsar ruwa ta Tomas, ɗaya daga cikin madatsun da tsohuwar Jihar Kano ta gina a shekarun 1970. Audu Bako, wanda ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauki wannan aiki da ƙarfi, kuma farin da aka yi a 1973 ya nuna wa kowa amfaninsa. Da rani ne ake gane albarkar madatsa. Ko'ina ƙasa ta bushe ta yi fari, amma gefen ruwa kore shar, ga tumatir, ga albasa, ga tattasai.

Kasuwar Dambatta ranar Lahadi take ci, kuma ta yi suna wajen dabbobi. Mai son ganinta sai ya daidaita tafiyarsa da ranar, amma ya sani mota ba ta sauri a cikin gari ran kasuwa. Mu dai mun tsaya mun karya kumallo da ƙosai da koko, muka wuce.

Kazaure

Daga Kano zuwa Kazaure kimanin kilomita 80 ne. Alamar an kusa ita ce duwatsu. Ƙasa tana shimfiɗe tun daga Kano, sai ka ga tuddai sun taso a jere, gari ya kwanta a tsakaninsu, ga ruwa yana ƙyalli a gefe.

Mutanen gari suna ba da labari cewa wani maharbi ne mai suna Kutumbi ya fara zama a wurin. Da ya ga yadda duwatsu suka kewaye shi, sai ya ce wurin nan kamar zaure. Daga "kamar zaure" aka sami Kazaure. Labarin baka ne, amma wanda ya tsaya ya dubi yadda tuddan suka rungume garin zai gane dalilin da ya sa labarin ya zauna a bakin mutane.

Tarihin sarautar kuwa a rubuce yake. Ɗan Tunku, wani shugaban Fulani wanda ya yi zama a Dambatta, ya taimaka a yaƙe-yaƙen jihadi a arewacin Kano. Da Ibrahim Dabo ya zama Sarkin Kano a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka yi shekara biyar ana fafatawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardamar a 1824, ya tabbatar da Kazaure masarauta ce mai cin gashin kanta. Ɗan Tunku bai daɗe ba bayan wannan ya rasu. Ɗansa Dambo ya gaje shi, ya yi sarauta har 1857, shi ne kuma ya kafa garin sosai ya zama mazaunin sarki. A zamanin Turawa Kazaure tana cikin Lardin Kano, daga baya ta zauna cikin Jihar Kano, har ran 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Yanzu tana ɗaya daga cikin masarautu biyar na jihar, tare da Haɗeja da Gumel da Dutse da Ringim. Ƙananan hukumomi huɗu ne a ƙarƙashinta: Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Sarki Najib Hussaini Adamu ya hau gadon sarauta a 1998, bayan rasuwar mahaifinsa.

Muka fara da ƙofar fada. Tun a mota muka gargaɗi yara: a gai da dogarai da ladabi, kada a ɗaga waya a ɗauki hoto sai an nemi izini, in an ce a cire takalmi a cire. Muka yi sallama, muka ce mu baƙi ne daga Kano, mun kawo yara su ga gari. Wani dattijo cikin masu zama a ƙofar ya ce, "Sannunku da zuwa. Mama, sannu da hanya." Ya sa aka ba kaka wurin zama a inuwa, ya jera wa yaran sunayen sarakuna tun daga Ɗan Tunku, yana ƙirgawa da yatsu. Babbar 'yarmu ta rubuta su a littafinta. Gaisuwa ce ta buɗe mana wannan, ba mu biya ko kwabo ba.

Daga fada muka gangara bakin dam ɗin Ayuba, wanda shi ma aikin shekarun 1970 ne. Ruwan yana manne da gari. Masunta suna cikin kwalekwale, mata suna soya kifi a gefe, masu lambu suna jan ruwa da ƙananan injuna. A nan muka ci abincin rana. Gargaɗi ɗaya ga iyaye: kada a bar yara su shiga ruwan madatsa. Zurfinsa ba ya nunawa daga baki, kuma ruwan da yake kwance irin wannan yakan ɗauki cutar tsargiya.

Kazaure garin makarantu ne kuma. Akwai babbar makarantar koyon sana'a da fasaha wadda aka kafa a 1991, aka sa mata sunan Sarki Hussaini Adamu, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe ta a 2007. Akwai cibiyar koyon kwamfuta wadda aka buɗe a 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda shi ma ɗan garin ne. Muka zaga ta ƙofofinsu a hankali. Ɗanmu na tsakiya, wanda yake zaton sai a Kano ko Abuja ake karatun kwamfuta, ya yi shiru yana kallo.

Roni da Gwiwa

Bayan azahar muka kama masauki, muka ajiye kaya, muka bar kaka ta huta, sa'an nan muka nufi yamma. Sunan jihar daga jigawa ya fito, watau tudun rairayi, kuma haka yawancin jihar take ta gabas. Amma wannan kusurwa ta dutse ce da jar ƙasa. Masana ƙasa sun ce duwatsun nan suna cikin tsofaffin duwatsu na ƙasarmu, rairayin gabas kuwa daga baya ya taru a kwarin Tafkin Chadi. Ba sai an gaya wa mutum ba, taya ma tana faɗa: hanya tana hawa tana sauka, tana karkata tsakanin tuddai.

A ƙasar Roni muka tsaya gindin wani tudu, muka hau da ƙafa. Hawan bai fi minti ashirin ba. Daga sama ana ganin ƙauyuka da rumbunansu, da gonakin da aka girbe, da garken shanu suna kiwo cikin kara. Wani manomi da muka tarar yana ɗaure harawa ya bayyana wa yaran abin da suke gani. Ya ce bayan girbi makiyayi yakan sauka a gona, shanu su ci kara, su bar taki, kowa ya amfana. Ya nuna musu gawo, ya ce su lura da shi: da damina, sa'ad da kowane itace yake da ganye, shi sai ya kaɗe nasa, hatsi ya sami rana a ƙarƙashinsa. Da rani kuwa sai ya yi ganye, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Saboda haka manomi mai hankali ba ya sare gawo. Ƙaramin ɗanmu ya ce, "Baba, to me ya sa muka ga kututture da yawa a hanya?" Manomin ya yi murmushi ya ce, "Yaro, itacen girki ya yi tsada, mutane kuma sun yi yawa."

Gwiwa tana gaba, a kan iyaka da Jihar Katsina. Gari ne na manoma, ba shi da wani gini da baƙo zai tsaya kallo, kuma ba domin gini muka je ba. Mun je ne yara su ga inda buhunan Dawanau suke fitowa. Suka ga mata suna sussuka, suka ga ana sheƙar gero a iska, suka ga amalanken shanu ɗauke da dammuna. Muka sayi gyaɗa da kwanon riɗi. A irin waɗannan wurare a riƙe kuɗi a hannu, ƙanana, gama ba ko'ina waya take samun layi ba, mai talla kuma ba ya da canjin babbar takarda.

Ƙarfe biyar direba ya dubi rana, ya ce, "Maigida, mu juya." Yara suna so a ƙara gaba, amma alkawari alkawari ne. Muka shiga Kazaure ana kiran magariba.

Ɓaɓura da bakin iyaka

Kashegari da sassafe muka nufi gabas. Ba a yi nisa ba duwatsu suka ƙare, ƙasa ta kwanta, rairayi ya fara. Ga kuka, ga goruba, ga layukan darbejiya da aka dasa domin tare iska. Ko da yake maƙwabciyar Kazaure ce, Ɓaɓura a ƙarƙashin masarautar Ringim take. Daga nan Muhammad Badaru Abubakar ya fito, wanda ya yi gwamnan Jigawa daga 2015 zuwa 2023. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'ar fasaha a garin.

Abin da ya fi jan hankali a Ɓaɓura shi ne kusancinta da Jamhuriyar Nijar. Hanya ta wuce arewa zuwa Babban Mutum, inda ofishin iyaka yake, daga can sai Magarya da Damagaram. Ingila da Faransa ne suka ja wannan layi a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906. Mutanen da ke hagu da dama da layin kuwa harshensu ɗaya, abincinsu ɗaya, suna auren juna. A kasuwa za ka ji ana ciniki da naira, ana kuma ambaton sefa. Duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Nijar, garuruwan nan ne suke fara ji a jikinsu. Wata mai sayar da fura ta ce wa kaka, "Iya, ran da aka rufe, 'yata tana aure can, ni ina nan. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba ta gagare mu."

Mai shata ya lura da wannan: yarjejeniyar da aka yi a Kano ba ta haɗa da ƙetare iyaka ba. Mota tana bukatar takardunta, mutane suna bukatar nasu. Kada a matsa wa direba ya bi ta hanyar daji domin a ce an taka Nijar, kuma kada a ɗauki hoto kusa da ma'aikatan iyaka. Mu mun tsaya daga nesa, muka nuna wa yara, muka juya yamma ta ƙasar Ɓaure da Zango.

Daura

Muka iso Daura da la'asar. Kafin mu sauka gidan 'yan'uwa muka roƙi direba tsayawa ta ƙarshe a rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijin da yake hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a, ya auri Sarauniya Daurama, daga zuriyarsa kuma aka sami sarakunan Hausa Bakwai. Yaran sun karanta labarin a makaranta. Da suka leƙa rijiyar da idonsu, sai tambayoyi suka ɓarke. Gani ya kori ji.

A ƙofar gida muka cika wa direba kuɗinsa, muka ƙara masa goro, gama bai yi mana gaggawa ko sau ɗaya ba.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ba za mu ɓoye ba, shata ta fi motar layi tsada ƙwarai, balle an haɗa da masauki da abinci. Mutum ɗaya ko biyu ba za su ga riba ba. Amma iyali mai mutum shida sun riga sun kusa cika mota, saboda haka abin da za su ƙara shi ne na ratse da jira. In akwai tsoho ko jariri a tafiyar, sauƙin tsayawa inda aka so ya isa dalili. Gida biyu kuma suna iya haɗa kuɗi.

Ga abin da muka ga ya taimake mu. A yi ciniki kwana ɗaya kafin tafiya, a gaban shaida. A ambaci kowane gari da sunansa, gama "mu ɗan tsaya a hanya" ita ce mafarin rigima. A dubi taya da birki da safaya da ido. Kada a wuce tsayawa uku ko huɗu a yini, domin sauri ya haifi nawa. A tambayi direbobin tasha da mutanen gari lafiyar hanya kafin a ratse, kuma a bar wa wani a gida lambar motar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokaci mafi daɗi, an gama girbi, zafi bai sauko ba, amma a riƙe rigunan sanyi da man shafawa saboda hunturu.

Hanyar nan tana sakewa. A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wadda aka tsara ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A Janairu 2023 kuma aka ƙaddamar da aikin mai da titin Kano zuwa Kwangwalam tagwaye, kilomita 132. Waɗannan ayyuka alheri ne ga manomi da ɗan kasuwa. Amma duk sa'ad da tafiya ta ƙara sauri, tsayawa takan ragu, kuma dattawan da suke iya jera sunayen sarakuna da ka, ko su bayyana halin gawo, ba ƙaruwa suke yi ba. Mai iyali da yake da niyyar kai yaransa su ji daga bakinsu, kada ya yi ta ɗagawa. Hutu mai zuwa ma lokaci ne.